Bindigar Baba ta Moduganari da Man Shanu

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokina mai mota. Tun kafin mu kai Wudil ya fara yi mini tsiya, wai babba da ni, da furfura, zan tafi har Maiduguri saboda abin wasan yara. Ban kula shi ba. Shekara goma sha biyu ke nan ina tara tsofaffin ƙananan bindigogin iska, irin masu harba ɗan darma da ake gwajin saiti da su. Ina da guda tara a kabad, amma gaskiya uku ne kawai ke harbi.

Wani mai kawo mana busasshen kifi daga kasuwar Baga Road ne ya ba ni labarin wani tsoho, dillalin shanu a Moduganari, mai irin wadda na daɗe ina nema, ta ƙarfe zalla mai mariƙin katako. Ya ce tsohon yana son rabuwa da ita, amma mutum biyu sun je ya sallame su.

A Potiskum muka ci masa da miya, ta ɗari biyar ta ishe ni har na rage. Daga Damaturu kuwa shingen sojoji ya yi yawa, a sauka, a buɗe but, a hau. Azahar ta wuce kafin mu shiga gari, ga zafi, ga keke napep ta ko'ina, ga inuwar dogon yaro a jere gefen titi.

Baba ya tarbe mu a zaure da "Wushe, wushe," sannan ya juya Hausa mai karin Barebari. Ya hana a yi maganar komai sai da muka ci burabisko da miyar busasshen kifi. Bayan nan ya shiga ciki ya fito da bindigar a naɗe cikin tsohon rawani.

Na karɓa na warware. Amma ina kai ta kusa da fuska sai warin tsohon man shanu ya buge ni. Na tambaya, ya ce da shi yake shafa wa 'yar fatar da ke tura iska a ciki, tun zamanin mahaifinsa. Ni kuma da bakina da ba ya jira, na ce, "Haba Baba, ai kun kashe ta! Man keken ɗinki ake sa mata."

Ya miƙo hannu ya karɓe abarsa, ya fara naɗewa. Abokina ya take mini ƙafa. Nan take na gane na yi tafiyar awa tara na zo na zama na uku da zai sallama.

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, na yi azarɓaɓi. Ku bari dai in ji ƙararta."

Can ya tashi ya ajiye gwangwanin madara a kan katanga, ya ja da baya taku goma sha biyar, ya ɗana. Tas! Gwangwani ya faɗo. Ya mayar, ya sake. Tas! Nawa na gida ko a taku biyar ba sa yin haka.

"Ɗana, mu kiwo muka gada," in ji shi. "Fata dabba ce. Abin da ya fito daga jikin dabba take sha. Naku guda nawa ke harbi?"

Na ce uku cikin tara. Ya yi dariya har da tari. Kunya ta ishe ni, amma na ji daɗin dariyar, domin bai sake naɗe ta ba.

Ya ce ba kuɗi yake nema ba, 'ya'yansa ne ba ruwansu da ita, shi kuma mai riƙo yake nema. Ya sa aka ɗuro mini man shanu a 'yar kwalba. "Ka je ka tashi guda ɗaya cikin matattun naka. In ta tashi, ka nemo takardar hukuma ka dawo. Ba zan bari ka bi shingen nan da ita hannu sake ba."

Washegari muka juyo da kwalba da kwalin kifi, abokina yana mita wai motarsa ta gama wari. Ina isa gida na kwance mafi tsufa cikin matattun, na tarar fatarta ta bushe ƙamas. Na jiƙa ta da man shanun, na bar ta kwana uku.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, shekara goma sha biyu ina tarawa ne kawai, riƙo ban iya ba. Rana ta huɗu na kira Baba, na ajiye wayar kusa da gwangwani, na harba. Sai ya ce, "Na ji. Yaushe za ka zo?"