Mai Cire Sunaye

"Irimiya ƙanena ne, Liyatu! Ba kayan ɗakinki ba ne da za ki ɗauka ki kai wa mutanen kwamfuta!"

Sheshi ya tsayar da dutsen guga. Safiyar Asabar ce, an kawo wuta, kowa a gidan hayar nan na Tudun Wada a Minna yana rige-rigen gama guga kafin a ɗauke. Bulo ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da na maƙwabtansa, Godwin direba da matarsa Liyatu, malamar firamare. Shi mutumin Zonkwa ne, ita 'yar Kwoi, yarensu ba ɗaya ba, don haka da Hausa suke soyayya, da Hausa suke faɗa, duk gidan na ji.

"Na canja sunansa, Baban Zamani. Na canja garin. Har Musulmi na mai da shi, me kuma kake so?"

"Soja nawa ne suka dawo daga Saliyo aka kulle su a ɗakin baya? Shekara goma sha biyu Mama tana faɗa a coci cewa yana Legas yana aiki!"

"To ai abin da na rubuta ke nan. Yana Legas, kuma ni ke miƙa masa tuwo ta taga duk Kirsimeti."

"In abin nan ya fita, ke ma ki fita."

Aka rufe ƙofa da ƙarfi. Aziza, matar Sheshi, ta ci gaba da ninke atamfofin da za ta kai rumfarta a Kasuwar Kure, ba ta ko ɗago ba. A irin gidan nan ladabi shi ne ka ji komai ka yi kamar kurma. Sheshi kuwa bai iya komawa gugar ba, domin ya san labarin da ake faɗa a kansa. Shi ya buga shi a kwamfuta. Shi ya cire sunan Liyatu a kai, ya rubuta lamba goma sha bakwai.

Sheshi Banufe ne, ɗan gidan maƙeran tagulla a Bida. Hannunsa bai karɓi guduma ba, mahaifinsa ya gaji da gyara abin da ya ɓata, ya sa shi a mota zuwa Minna a 1999 ya koyi tafireta. Daga tafireta ya koma kwamfuta, daga nan ya sami aiki a wani shagon intanet a kan titin Bosso, yana yanka wa mutane tikitin awa, yana buɗe wa masu neman aiki akwatin imel. A shagon ne ya yi karo da wani jerin imel na marubutan Hausa, mutanen Kano da Zariya da Sakkwato da Jos waɗanda ba su taɓa ganin juna ba amma suna musu kamar 'yan ɗaki ɗaya. Wata uku yana karantawa bai tofa komai ba. Ranar da ya yi magana, gyaran kwanan wata ya yi wa wani, aka yi masa godiya. Da aka gane cewa shi kaɗai ne ke wuni a gaban intanet, aka ce ya riƙe musu sakatare.

Da suka koma Fesbuk a 2011 suka sa wa kansu suna Zauren Tawada, suka haura mutum ɗari uku. Wani ya sa baiti huɗu da safe, kafin la'asar wani a Kaduna ya ɗora musu kiɗa, bayan kwana biyu wata a Jos ta rera ta turo. Mai zane ya yi wa littafin wani bango, mai kyamara ya nemi wanda zai gyara masa maganganun 'yan wasa. Duk ta hannun Sheshi abin ke bi. Shi ke tattarawa, shi ke tunatarwa, shi ke raba faɗa. A ƙarƙashin kowane aiki sai ka ga "Allah ya saka, Oga Sheshi". A bangon littafi kuwa, ko a ƙarshen fim inda sunaye ke hawa, bai taɓa ganin kansa ba. Yakan ce bai damu ba. Ya faɗa sau da yawa fiye da yadda wanda bai damu ba zai faɗa.

A 2012 zauren ya yanke shawarar buga littafi na gajerun labarai goma sha biyu, wanda ya zo na ɗaya kuma 'yan Jos su mai da shi ɗan gajeren fim. Da aka fara gunagunin cewa Kanawa za su zaɓi Kanawa, Sheshi ne ya kawo dabara. Kowa ya turo masa, shi ya cire suna ya sa lamba, ya aika wa alƙalai uku. Babu wanda zai san mai lamba sai shi. Tunda ba ya cikin alƙalai, aka ce shi ma ya shiga. Ya shigar da labarin da ya yi shekara shida yana gyarawa, na wani ɗan maƙeri da ya gudu daga maƙera. Ya ba shi lamba takwas.

Shi ne kuma ya jawo Liyatu. Ya ga tana rubutu a littafin makaranta a bakin famfo tana jiran layi, ya ce ta kawo ya gani. Ta kawo shafi tara da jan biro. Ya buga mata a shago, yana gyara inda ta ce "ya" wa mace, yana jin daɗin alherin da yake yi. Sai a shafi na shida, inda matar ke miƙa kwano ta taga, mahaukacin ya tambaye ta ko an gama yaƙin, yatsunsa suka tsaya. Ya san bai taɓa rubuta layi irin wannan ba.

Jiya Juma'a sakamako ya iso akwatinsa. A cikin labarai arba'in da ɗaya, duk alƙalan uku sun sa lamba goma sha bakwai a sama. Lamba takwas ta zo ta goma sha uku. Ranar Juma'a mai zuwa ya kamata ya mayar da sunaye ya sanar.

Ran Lahadi da hantsi ya buɗe shagon shi kaɗai, ya rubuta wa alƙalan cewa mai lamba goma sha bakwai ta janye labarinta saboda dalilin iyali. Ya karanta saƙon sau biyu, bai ga ƙarya mai yawa a ciki ba. Aure ne zai mutu. Da kunnensa ya ji. Wane irin maƙwabci ne zai bari a kori mace da yara biyu saboda shafi tara? Ya danna, ya ji wani sanyi ya sauko masa, ya ɗauka sanyin aikin lada ne.

Ɗaya daga cikin alƙalan, wata malamar jami'a a Zariya, ta amsa kafin azahar. Ta ce ta yi shekara ba ta karanta abu irin wannan ba, a ba ta lambar wayar marubuciyar ta roƙe ta. Sheshi ya ce doka ta hana. Dokar da shi ya kafa.

Ran Litinin da yamma yana wanke babur a tsakar gida, Liyatu ta dawo daga makaranta da alli a gefen zane, tana dariya tun daga ƙofa.

"Oga Sheshi, na san kun ji mu ran Asabar, kada ka yi mini fuskar liman."

"Ni ban ji komai ba, Maman Zamani. Rediyo na kunna."

"Rediyon da ba batir? To albishirinka. Mutumin ya karanta. Jiya bayan coci ya zauna ya karanta har ƙarshe, ya shiga bayi ya daɗe, ya fito ido ja wai sabulu ne. Ya ce a buga. Dutsen da ke bayan gidan kawai zan cire, wai kowa ya san dutsen."

Sheshi ya ci gaba da goga tayar da ta riga ta fita. Ya ce madalla, ya ce sai dai a jira alƙalai.

Kwana huɗu suka rage masa. Saƙo ɗaya ne, layi biyu: ta fasa janyewa, a mayar da shi. Talata ya buɗe akwatin, ya ce sai ya tsara yadda zai faɗa. Laraba ya ce alƙalai za su ɗauke shi mara tsari, alhali shekara takwas ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Alhamis ya tuna cewa Godwin mai zafi ne, wanda ya yarda yau zai iya tuburewa gobe, kuma tsohuwar da ke Zonkwa ba a tambaye ta ba. Kowane dalili da ya kawo yana da ƙafafu. Abin da bai taɓa yi ba a kwana huɗun shi ne ya kalli jerin ya tambayi kansa wa zai sauka in ita ta hau.

Aziza ce ta tambaya. Ran Juma'a ya dawo da takardar sanarwa, ya nuna mata sunansa a layi na goma sha biyu. Ta share hannu ta karɓa, ta bi sunayen da yatsa.

"Ina na Maman Zamani? Ba kai ka ce nata ya fi na kowa ba?"

Ya gaya mata rabin abin, rabin da ke da aure da yara a ciki. Ta saurara tana tsince shinkafa.

"Baban Kafayatu, da a ce naka ne na tara fa? Da ka tsare mata auren?"

Ya karɓi takardarsa ya ninke, ita ma ba ta sake tayarwa ba. Ta san inda abincinta yake, ta kuma san abin da ta aura.

Liyatu ta ga jerin a wayarta. Washegari ta tare shi a bakin famfo, ta taya shi murna da gaske, sannan ta rage murya ta tambayi abin da alƙalai suka ce a kan nata. Da ya ce ba su ce komai ba, da abin ya tsaya nan. Amma mai ƙarya yana son ƙaryarsa ta yi kama da gaskiya, sai ya ɗauko wadda ya san za ta karɓa ba musu. Ya ce labarin ya yi, sai dai sun ce Hausar da saura.

Ta gyaɗa kai a hankali. "Na sani. Tun ina aji uku ake gaya mini."

Littafin ya fito bayan wata bakwai. Aka yi fim da labarin da ya zo na biyu. Sheshi ya ga sunansa a takarda, ya kai wa mahaifinsa kwafi Bida, tsohon ya juya shi ya ce takardar tana da kyau. A zauren an yi ta muhawara a kan labarai huɗu ko biyar. Nasa babu wanda ya zaga, babu wanda ya yaba. Liyatu ba ta fita daga zauren ba, tana danna alamar so a aikin kowa, amma bai sake ganinta da jan biro a bakin famfo ba. Da aka yi kira na biyu a shekara mai zuwa, ya tura mata, ta ce jarrabawar yara ta yi yawa. Shi ma bai shiga ba. Duk lokacin da ya zauna zai rubuta, sai ya ji kamar wani na tsaye a bayansa yana karantawa.

A watan Agusta na 2014 aka mai da Godwin Kontagora. Ranar tashi, motar kaya na waje, ana ɗaura katifu, Liyatu ta zo ƙofar ɗakinsu yin sallama. Ta rungume Aziza, ta bar mata turmi wai ya yi nauyi. Sannan ta juyo.

"Oga Sheshi, ka yafe mini wahalar da na ba ka. Shafi tara ka buga kyauta, ga gyara, ƙarshe na ba ka kunya a gaban mutanenka."

"Ba ki ba ni kunya ba."

"Ka bar lallashi. Irimiya ma ya rasu a watan Mayu, ka sani. Baban Zamani ya ce in karanta labarin a wurin biso, na ce a'a, abin da masana suka ƙi ba zan tsaya gaban jama'a da shi ba."

Aziza ta ɗauki turmin ta shige ciki, ta bar su.

Sheshi ya tsaya riƙe da labule. Direban motar kayan ya danna oda. Ya laluba aljihu, ya sami tsohon tikitin shago, ya rubuta lambar waya a bayansa. Ya san lambar da ka, shekara biyu yana kallonta.

"Wannan malama ce a Zariya, tana cikin alƙalan. Ki kira ta da kanki, kada ki biyo ta kaina. Ki ce ke ce lamba goma sha bakwai."

Liyatu ta karɓa tana dubansa. "In ce mata me? Ta koya mini Hausa?"

Godwin ya ƙwala mata kira daga waje. Sheshi ya kalli ƙasa, ya kalli takardar a hannunta.

"Za ta tambaye ki me ya sa kika janye labarinki," ya ce. "Ki gaya mata ba ki janye ba."