Waiwayen Usman

Shekaru sun ja, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka sauke Usman daga jirgin tsere a Hartum ba. Ina rubuta muku ne, ku sababbin 'yan fito, don har yau wasunku na cewa tsoro ya ji. Ba tsoro ba ne. Ina wurin.

Lokacin ni ne rayyis, wato shugaban jirgi, a mashigin ƙauyenmu, sama da Shuwak a kan kogin Atbara. Ga wanda bai san aikin ba, mu huɗu ne a kwalekwale. Rayyis na baya, shi ke juya jirgi. Biyu a tsakiya suna zuba ƙarfi. Na huɗu yana goshi, kuma aikinsa ido ne kafin hannu, don da damina ruwa kan sauko daga duwatsun Habasha da itatuwa sukutum, wasu a nutse, ɗan reshe kawai za ka gani. Mai goshi ya hango ya yi kira, rayyis ya kauce.

Haruna, yayan Usman, shi ne mai goshina na farko. Wata damina ya juya yana amsa gaisuwar wata tsohuwa, kututture ya same mu a gefe. Fasinja duk mun fitar da su. Haruna sai bayan kwana uku aka same shi.

Usman ya karɓi wurinsa. Kalma biyu na koya masa: ido gaba. Ban koya da daɗi ba. In ya ɗauke ido ko na ƙiftawa, sai in watsa masa ruwa da filafili in ce, "Haka yayanka ya yi." A gaban fasinja nake faɗa. Shekara tara muna haka, ba mu sake taɓa ko kara ba.

Wata shekara bayan an yanke riɗi, wani ustaz ya zo daga Hartum. Mudarrib ne, mai horar da 'yan tseren jirgi, yana neman ƙarfafan maza don wata babbar gasar ƙasashe da za a yi a waje. A jirginmu ya haye, idonsa na kan kafaɗun Usman tun daga wannan gaɓa har waccan. Mahaifiyar Usman ta ce ɗaya ta riga ta ba ruwa, ba za ta sake ba, sai in rayyis zai raka shi. Haka na bar jirgi a hannun ƙanena muka hau mota daga Gadarif.

Jirgin nasu siriri ne kamar karan dawa. Mazaunin na zamewa gaba da baya, filafilan dogaye, an ɗaure su da ƙarfe. Mutum huɗu ke tuƙi, kuma duk huɗun bayansu suke ba inda za su. Na biyar, wani ramammen mutum, shi kaɗai ke kallon gaba, yana juya jirgi da igiya yana ƙirga musu. Usman ya duba ya duba, ya tambayi ustaz ko an ɗaura mazaunin a baibai ne. Aka yi ta dariya.

Matuƙa biyar, har da Usman, ke neman kujera huɗu. Cikin sati biyu Usman ya iya komai, sai abu ɗaya. Duk bugu goma sai ya waiwaya ya ga abin da ke gaba. In ya waiwaya jirgi ya karkata, bugun sauran ya lalace. 'Yan Hartum suka sa masa suna Abu Ragaba, wato mai wuya.

Ranar Talata ustaz ya ja ni gefe. Ya ce a ƙarfi bai taɓa samun irinsa ba, amma ranar Alhamis ne gwajin ƙarshe, in wuyan nan bai tsaya ba, halas, wato shi ke nan. Ya ce in yi masa magana da harshenmu, wataƙila ya fi ji.

Na same shi bayan la'asar a bakin kogi yana wanke ƙafa. Na ce masa ruwan nan an share shi, ga mutum can an ajiye musamman don ya gani masa, ya bar waiwaye.

Ya ce, "Kawu, shekara tara kana ce min in na ba ruwa baya zan kashe mutane. Yanzu kwana biyu ka ba ni in manta?"

Na ce ya dai gwada.

Ya kuwa gwada. Ranar Alhamis da hantsi aka jera jirgi biyu, ina tsaye a gaɓa. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe kamar igiya, amma bai juya ba. Suka wuce rabin hanya suna gaba. Saura kaɗan a kai, wani abu ya bugi cikin jirgin, ƙwas. Daga baya aka ce gwangwani ne. Usman ya waiwaya. Filafilinsa ya nutse, ƙotar ta doke shi a haƙarƙari, jirgin ya tsaya cak, ɗayan ya wuce.

Ustaz bai yi faɗa ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ma'alesh, ya rayyis," wato sai haƙuri. Usman kuwa da muka iso Gadarif, sai ya tambaye ni ko na sayo wa tsohuwarsa maganin ido.

Da gasar ta zo, muka je nadi, wato kulob, a Shuwak, inda ake da talabijin. Rana ce ta kasuwa, wuri ya cika. Aka nuno jirgi shida a jere, kowane da tutarsa. Namu bai zo na farko ba, bai zo na ƙarshe ba. Mutane na ta ihu, shi Usman idonsa na kan wanda ke kujera ta uku, kujerarsa. Da aka gama ya ce a hankali, "Ka gani, Kawu? Ko sau ɗaya bai juya ba." Ya miƙe ya ce mu tafi, 'yan kasuwa na jiran fito.

Ya ci gaba da riƙe goshi har kafaɗa ta gaza masa. Bai taɓa rasa fasinja ba, bai kuma sake zancen Hartum ba.

Ana cewa waiwaye adon tafiya. Ni na ga ya ci mutum biyu 'yan gida ɗaya, ɗaya don bai ji magana ba, ɗaya don ya ji. Abin da ka cusa wa mutum a wannan aiki ba ya tsayawa a kunne, jiki yake shiga, kuma ba ya fita ranar da ka so. Har gobe zan ce muku ido gaba, don Atbara ba ta sauya hali ba. Amma kun lura ban taɓa kiran sunan mamacin kowa ba in ina koya muku. Daga Hartum na daina.