Ƙofar da Malam Rula Ya Juya

Shekara ashirin da shida Malam Rula ya yi yana zanen taswirar gini a wani ofishi da ke hawa na biyu, saman wani shagon taya. Sunan ma a can ya samo shi, don ko takardar kalanda zai yaga sai ya ɗora rula. Mutum ne da bai yarda da abin da bai auna ba. Idan tela ya kawo masa ɗinki, sai ya sake gwada hannun rigar a gabansa. Matarsa takan ce da ana iya auna gaisuwa, da ya auna ta maƙwabta.

Ranar da aka sallame su, manaja ya tara su ya ce zamani ya canza, ofis ba zai ƙara riƙe ma'aikaci na dindindin ba. In aiki ya taso za a nemi mai yi a intanet, ya gama, kowa ya kama gabansa. Malam Rula ya kwaso rulolinsa ya dawo gida. Wata huɗu ya yi yana gyara abin da bai lalace ba, har sai da ƙofofin gidan suka daina ƙara gaba ɗaya, shi kuma ya daina magana.

Auta, 'yarsa da ke aiki a wani kantin magani, ita ta buɗe masa shafi a dandalin da masu neman aiki da masu bayarwa ke haɗuwa. Ta ɗora masa kwamfuta a teburin cin abinci, ta ɗauke shi hoto.

"Baba, ɗan yi murmushi mana. Kamar wanda aka kawo ofishin 'yan sanda."

"Wa zai ba ni aikin?"

"Duk wanda ya ga zanenka ya yi masa."

"Ina ofishinsa? Wa ya san shi?"

"Baba, ai yanzu ba a tambayar wannan."

"To shi ya sa duniya ta lalace," in ji shi. Amma ya zauna.

Sati uku shiru. Sai ga aiki daga wani wanda ba ya da suna sai lambobi, hotonsa kuma jan fure ne. Katanga yake so da ƙofar shiga. Malam Rula ya zana ya tura, mai furen ya biya kuɗin aikin, ya ba shi taurari biyar, waɗanda Auta ta ce su ne yabon wurin, ya rubuta: "Allah ya ƙara basira." Bayan wata ɗaya ya dawo yana son ɗan shago a jikin katangar. Daga nan ɗakin kaji. Bai taɓa cewa a gyara ko layi ɗaya ba.

Wannan ne ya fara damun Malam Rula. A shekarunsa na ofis bai taɓa miƙa zane an karɓa salin alin ba. Ko mai gidan da bai san gabas da yamma a takarda ba sai ya ce a ƙara faɗin falo, don dai a san shi ma ya yi magana. Wane irin mutum ne wannan da komai ya yi masa?

Sai ya fara lura. Saƙonnin mai furen tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana suke zuwa, daidai lokacin da Auta ke hutun cin abinci. Bayan wayar Auta akwai hoton fure, duk da dai nata ruwan hoda ne. Kuma rannan da ya gyara mata ƙafar kujera, me ta ce? "Allah ya ƙara basira, Baba." Ya ajiye cokali ya dube ta har sai da ta tambaya ko lafiya.

Abin ya tsaya masa a rai. Ashe tausayinsa ake ji. Ashe yarinyar da ya koya wa riƙe fensir ce take ƙirƙiro masa aiki, kamar yadda ake ba yaro tsintsiya don ya bar mutane su huta. Kora daga ofis ta yi masa ciwo, amma wannan ya fi ta. Yana so ya sani ko akwai mutum ɗaya a duniya da ke buƙatar aikin hannunsa da gaske.

Ya gaya wa matarsa. Ta ce, "Malam, kai dai ba ka iya cin arziki shiru ba. In ma ita ce, laifi ta yi?"

"Au, kin sani ke nan."

"Ni ban san komai ba. Kada ka sa ni a ciki."

Sai ya ƙara da ita a cikin waɗanda yake zargi.

Da mai furen ya dawo yana son gida mai ɗaki biyu da kicin da banɗaki, Malam Rula ya ɗana tarko. Ya zana gidan tsaf, iska ta ko'ina, kwana huɗu yana kai. A rana ta biyar ya adana ainihin zanen a kwamfuta, sannan ya goge ƙofar banɗakin daga baranda ya juyo da ita cikin kicin, dab da inda murhu zai zauna. Bai taɓa yin ƙarya a takarda ba sai ranar. Lissafinsa shi ne, in da gaske gini za a yi, dole magini ya gani, a dawo masa da zanen da faɗa. In kuwa Auta ce, ba za ta gane ba.

Washegari da ƙarfe ɗaya da rabi taurari biyar suka iso. "Allah ya ƙara basira."

Ya rufe kwamfutar ya jira ta dawo. Ko jakarta ba ta ajiye ba ya ce, "Na gode da ɗawainiya. Amma ki daina. Ban kai ga sadaka ba tukuna."

"Wace sadaka, Baba?"

"Mai fure. Ke ce."

Ta yi dariya, ta ga ba wasa yake ba, dariyar ta ɗauke. Ta rantse. Ta miƙa masa wayarta ya duba. Ya ce ai ana gogewa. Nan ta fashe da kuka ta shige ɗaki, shi kuma ya ɗauki kukan a matsayin shaida. Haka yake, Allah ya shirye shi: in ya ja layi, ko duniya za ta taru ba ya gogewa.

Wata biyu kwamfutar na cikin jaka a saman kabad. Gaisuwa kawai ke haɗa shi da Auta. Wata ranar Asabar wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana ta sauko da ita za ta yi wani aikinta, sai ta tsaya.

"Baba, mutuminka ya turo saƙo yanzun nan. Ga ni dai a gabanka, hannuna ba waya."

Hotuna ne guda uku. Katangarsa ce, da ƙofar shigar da ya zana. Ga shagon, ga ɗakin kajin har da kaji a ciki. A tsakiya ga gida ya kai tsayin taga, bulo sabo fil. A hoto na uku wata tsohuwa ce tsaye da sanda a cikin kicin, tana dariya ba haƙora, ta dafa bakin wata ƙofa. Malam Rula bai buƙaci rula ba kafin ya gane wace ƙofa ce.

A ƙasa an rubuta: "Mahaifiyata ce. Ta ce a gaishe da mai zane."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Auta, ana iya kiran mutum a nan?"

Ta danna masa. Muryar namiji ce ta amsa, ga ƙarar injuna a bayansa. Ya ce a wata masana'anta yake aiki, nesa da gida, shekara uku ke nan bai je ba, waya ma sai lokacin hutun rana ake barinsu su taɓa. Furen kuwa na tsakar gidan tsohuwar ne.

"Ranka ya daɗe, ashe zan ji muryarka! Wallahi ka taimake ni."

"Ɗana, saurara. Ka sa a tsayar da magini yau ɗin nan. Ƙofar banɗakin ba a nan take ba. Laifina ne."



"Ikon Allah," in ji mutumin. "Ai maginin ya faɗa. Sau biyu yana kirana a kan ƙofar nan. Na ce masa ya yi abin da ke takarda, wanda ya zana ya shekara ashirin da shida yana wannan aiki, ya fi shi sani. Har faɗa muka yi."

Malam Rula ya runtse ido. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai ji ba ko ranar da aka sallame shi. Auta tana tsaye a kansa tana jin komai.

"Turo min lambar maginin," ya ce. "Ni zan ba shi haƙuri da bakina. Rushewar da gyaran duk a wuyana."

Da aka kashe wayar ya jawo kujerar da ke gefensa, wadda ya gyara wa ƙafa, ya tura mata.

"Zauna, uwata. Nuna min inda ainihin zanen yake, na manta inda na ajiye shi."