Farin Ƙyallen Yaya

Yayana ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin gwamnati a Kaduna, a can ya koyi golf, wasan nan da ake bugun 'yar farar ƙwallo da sandar ƙarfe a bi ta a ƙafa. Ya yi ritaya ya dawo Bodinga, bai shekara ba hawan jini ya kayar da shi, hannunsa na hagu ya yi rauni. Likita ya ce ya riƙa motsa hannun. Yaya ya ce to, ya koma zaure ya zauna, wata huɗu ba ya tashi sai salla ko kewaye. Ni malamar firamare ce a Shagari, kuma tun rasuwar matarsa duk Juma'a nake zuwa in duba shi. Na ji tsoro a watannin nan, don ina ganin mutum yana ƙarewa a zaune.

'Yarsa da ke aure a Legas ce ta aiko da kayan buga golf a cikin ɗaki, tare da mai haɗawa. Aka share tsohon ɗakin ajiyar albasa, aka rataye wani farin ƙyalle mai kauri daga bango zuwa bango, aka kafa majigi a sama, aka shimfiɗa tabarmar ciyawar roba, da wata 'yar na'ura mai auna bugu. In an kunna, sai fili kore shar ya bayyana a jikin ƙyallen. Mutum ya bugi ƙwallo ta gaske, ta doki ƙyallen ta faɗi, a hoton kuma ka ga ta tashi sama ta tafi. Na yi masa tsiya son raina. Na ce manoman Danchadi na neman ruwan da za su ba albasa, shi kuwa ya samu fadamar da wutar sola ke shayarwa. Ya yi dariya, wadda rabona da jin ta tun kafin ciwon. Daga ranar kullum da hantsi yana ɗakin nan yana bugu.

Ni dai abin da ya tsone mini ido ƙyallen ne. Ƙwallayen kan gangaro tsakar gida su kwaso jar ƙasa, ga Yaya da cin goro, da yatsun nan yake ɗora ƙwallo a tabarma. Kowane bugu sai ya bar ɗigo. Cikin wata takwas ƙyallen ya yi dabbare-dabbare: ɗigo-ɗigo ja a ƙasa ta hagu, wasu a warwatse, sai wani babban tabo a tsakiya kamar gindin tukunya. A gidanmu kuwa farin tufafi mutunci ne. Mahaifiyarmu ba ta taɓa barin babanmu ya fita da farar rigar da ba ta sha bula da sitaci ba, kuma ni na gaje ta har da ƙari.

Sai ga labari cewa tsoffin abokan aikinsa za su zo daga Kaduna su gaishe shi. Na ce a raina ba za a zo a ga wannan ƙazanta ina raye ba. Ranar da aka kai shi Sakkwato ganin likita, zai kwana biyu, na kira mai wankinmu, dattijon da ya fi shekara ashirin yana wanke manyan rigunan gidan. Muka kwance ƙyallen tare. Ya shafa shi, ya ce, “Malama, wanga yadi ban san shi ba. Mi za a yi mai?”

“Abin da kaka yi ma hwarar riga,” na ce. “Ka sa mai bula, ka ba shi sitaci, ka goge shi sarai.”

Akwai takardar bayani da ta zo da kayan, tana nan a kan taga. Ni da nake koyar da Turanci ban buɗe ta ba, don a ganina babu wanda zai koya mini wankin fari.

Ƙyallen ya dawo fari tas, har da ɗan shuɗi-shuɗi. Sai dai ya bushe ƙamas, ya tsuke, kuma dutsen guga na gawayi ya bar masa wata ƙuna mai sheƙi a kusurwar sama. Da ƙyar muka ja shi ya kai ƙugiyoyinsa, ya ɗame kamar fatar ganga. Duk da haka na ji daɗin aikina.

Yaya ya dawo ya shiga ɗakin, ina biye ina jiran yabo. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙyallen. Ya ɗora ƙwallo ya buga. Maimakon ta faɗi a gindin ƙyallen yadda ta saba, sai ta dawo da ƙarfi ta same shi a ƙwauri. Ya jingine sandar a bango ya koma zaure. Baƙin suka zo suka ci tuwo suka tafi, ko ƙofar ɗakin bai nuna musu ba.

A lokacin na buɗe takardar, kunya kamar ta kashe ni. Komai na ciki. Kada a kusanta shi da zafi. A bar shi da ɗan sako-sako don ya shanye ƙarfin ƙwallo. A wanke ƙwallaye, a goge kan sanduna kafin wasa, kada a yi wa ƙwallo alama da biro. In tabo ya fito a jiƙa tsumma da ruwa da ɗan sabulu a riƙa dannawa a hankali, ba dirzawa ba. Na sake kwance ƙyallen, na jiƙa shi a zallar ruwa sau uku har sitacin ya fita, na shanya a inuwa. Tela ya ƙara masa baki ta gefe biyu don ya saki. Na ɗinka labulen da za a riƙa rufe shi, na wanke ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya na zuba a roba mai murfi, na sa ƙyaure a bakin ƙofa don kada su ƙara gangarawa waje. Ƙunar nan kaɗai ta ƙi fita.

Mako uku Yaya bai leƙa ba. Na lura hannun ya soma komawa yadda yake, yana ɗaga shi da na dama in zai ɗora a cinya. Ranar wata Juma'a haƙurina ya ƙare, na tsaya a kansa a zaure.

“Yaya, na yi laihi, na kuwa gyara. In hwaɗa za ka yi, ka yi mani. Wanga shiru naka ba ni iya shi.”

Ya ɗago. “Ba ƙunar ba ce, ƙanwata. Waɗanga tabon da kinka wanke, kin san ko mi ne?”

“Datti.”

“Na ƙasa ta hagu, su ne bugun da niy yi watan hwari, sa'ad da hannun bai iya riƙe sanda. Kullum da sahe in na shiga sai in dube su, in dubi na tsakiya, in ga inda nit taso da inda nik kai. Likita shi kan ce na samu sauƙi, ban yarda da shi ba. Ƙyallen nika yarda da shi.”

Wata takwas ina kallon abu ɗaya da shi, ni ina ganin abin kunya a gaban baƙi. Ban taɓa tambayarsa ba, kuma wannan ya fi wankin yi mini ciwo har yau.

Na shiga ɗakin na buɗe robar, na ɗauki ƙwallo ɗaya daga cikin waɗanda na sha wahalar wankewa. Na fito tsakar gida na durƙusa a gindin randa, inda ƙasa ke da damshi, na mirgina ta har ta yi jawur. Na kai masa zaure na sa a tafin hannunsa na hagu. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce in kama shi ya tashi.

Na yaye labulen na kunna majigi. Sau biyu sandar na zame masa kafin ya riƙe ta. Da ya buga, ƙwallon ba ta ko kai rabin tsayin ƙyallen ba, ta dunguri ƙasa ta hagu ta faɗi, ta bar jan ɗigo ɗaya. Tsumman na rataye a kafaɗata, ya ga hannuna ya nufe shi.

“Bar shi nan,” ya ce. “Je ki ɓato mani wata.”