Famfon Tipa a Taraktar Baba Toma

Baba Toma mai walda a Muchia ba ya yarda da abu marar nauyi. Ko doya ce, ko kaza, sai ya ɗaga ya jinjina kafin ya saya. 'Yan unguwa sun ce haka ya zaɓi matarsa Keziya.

Da ya ƙera 'yar tarakta da injin niƙa, abin da ya rage masa shi ne famfon da zai tura mai ya ɗaga bokitin gabanta. Surukinsa Martins, injiniya a Samaru, ya rubuta masa girman da ya dace. Baba ya goge hannu da takardar, ya tafi wajen 'yan gwangwan a Sabon Gari, ya yi ta ɗaga famfuna har ya sami na tipa, wanda ya sa shi nishi.

Ranar gwaji unguwa ta taru. Ya ciko bokiti da kashin shanu, ya ja libar ɗaga bokitin. Bokiti ya zabura sama, ya juye masa taki a ka, injin ya mutu.

Baba ya tofar da abin da ya shiga bakinsa, ya dubi Martins.

"Kai ɗan boko, famfonka na takarda zai iya wannan?"