Ranar da Rumbuna Ya Yi Tari

Lokacin kaka ne, shekarar da fara ta cinye geron garinmu Gure, kowa jikinsa a sanyaye. Da na ji za a ɗebi yara zuwa lakwal, wato makarantar boko, sai na ɓoye ɗana a rumbu.

Baffana, wanda ya sha yawon ƙasashe yana horar da malaman Faransanci, ya zo ya zauna a inuwar rumbun, rigarsa tana ƙanshin turaren wuta.

Ya ce, "Ɗiyata, rumbunki yana tari."

Na ce, "Baffa, tsorona su juya masa harshe ya manta ni."

Ya ce, "Harsuna biyar nake ji. Da wanne nake gaishe ki kullum?"

Yau ƙanshin turaren nan ya tuno mini shi. Allah ya haskaka kabarinsa. Washegarin zancenmu da shi, da safe, ni da kaina na riƙe hannun ɗana har ƙofar lakwal.