Littafi Mai Rigar Atamfa

Jiya a cikin napep, a hanyar Dawaki, na ga wata yarinya tana karanta tsohon littafin hikaya mai bangon shuɗiyar atamfa. Ɗinkin marigayi Kawu ne, ƙyallen kuwa ragowar kayan sallata ne.

Kawu tela ne a Tudun Wada. Duk tsohon littafin da ya samu sai ya ɗinka masa riga. Yakan ba yaran unguwa aro, da sharaɗin in ka gama ka zo ka ba shi labarin yana taka keken ɗinki, shago na ƙamshin sabon yadi.

Ni nakan zubo nawa tiryan-tiryan, ya ce "Madalla," ƙafarsa ba ta tsayawa. Amma Ngozi, 'yar maƙwabcinmu, da Hausarta mai tuntuɓe, tana farawa sai keken ya yi tsit.

Wata rana na kasa daurewa. "Kawu, ni ce fa jininka!"

Ya ce, "Ke kina faɗa mini abin da ya faru. Ita kuwa tana jin tsoro tare da mutanen ciki."

A napep ɗin, na tambayi yarinyar inda ta samo littafin. Ta ce, "Na mamata Ngozi ne, kakana tela ya bar mata."

Kakanta, wai!

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa. In Allah ya haɗa mu a Aljanna, ya tsayar mini da keken nan ko sau ɗaya.